Biyan wata-wata ko ajiya a kwamfutarka?

Mai ƙirƙirar duniyar labari ko ta wasa, da taswirarta da zuriyar sarakunanta da tarihin yaƙe-yaƙenta, dole ya nemi inda zai adana su.

Akwai manhajojin intanet irin World Anvil, mai sashen kyauta da na biya. Daɗinsu a fili yake: ka danna gari a taswira, bayaninsa ya buɗe, abokan wasanka su karanta daga ko'ina. Sai dai biyan wata-wata ko na shekara yakan sabunta kansa. Mutum ya shiga lokacin rangwame, ya sha'afa, shekara na zagayowa sai ya ga an cire kuɗi daga katinsa. Gara tun ranar farko ka nemo inda ake sokewa, ka kuma gwada fitar da rubutunka ka ga yadda zai fito.

Obsidian kuwa, manhajar adana bayanai da ya fito a 2020, kyauta ne, yana ajiye komai a kwamfutarka cikin fayilolin Markdown, wato fayilolin rubutu zalla. Scrivener, manhajar marubuta, sau ɗaya ake sayensa. Wahalar haɗa taswira da shafuka kuma kanka za ta hau. Ni dai, in duniyar za ta ci shekara goma ana gina ta, ga ajiya a kwamfuta na fi karkata.