Sashen intanet na ɗakin karatun jami'a a Bauchi: abin da mai binciken haraji da akanta zai tarar

Wanda ke rubuta kundin digiri na biyu a kan haraji ko aikin akanta yana da buƙatu iri biyu: maƙalun masana da zai gina bincikensa a kansu, da kuma ainihin dokokin harajin Najeriya tare da hukunce-hukuncen da aka yanke a kansu. Sashen intanet na ɗakin karatun wata jami'a a nan Bauchi, wanda nake amfani da shi, yana biyan buƙata ta farko fiye da yadda yawancin ɗalibai suke zato, amma a ta biyu yana da rauni ƙwarai.

Shiga ba ta da wahala. Ana nuna katin shaidar ɗalibi, a yi rajista, a karɓi sunan shiga da kalmar sirri. Abin da ba a cika yi wa sabon zuwa bayani ba shi ne cewa wasu rumbunan bayanan ba sa buɗuwa sai a kan intanet ɗin jami'a, domin masu su da adireshin intanet na makarantar suke gane wanda aka biya wa kuɗi, don haka wanda ya koma gida Yelwa ko Fadamar Mada ya gwada da datar wayarsa zai ga ana neman ya biya dala kafin ya karanta maƙala ɗaya. Da safe intanet ya fi sauri, lokacin jarrabawa kuwa samun kujera ma aiki ne.

Inda hidimar ta fi burge ni shi ne JSTOR, wani rumbun mujallun masana a intanet. A ciki akwai mujallar The Accounting Review tun daga fitowarta ta farko a 1926, da Journal of Accounting Research wadda aka fara bugawa a Jami'ar Chicago a 1963, kuma ana sauke maƙala cikakkiya ba tare da biyan ko sisi ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗalibai ke kwafar ra'ayin wani masani daga kundin wani ɗalibi, wanda shi ma daga wani ya kwafo, har maganar ta jirkice, zai san darajar samun asalin maƙalar a gabansa. Sai dai JSTOR rumbun ajiya ne, kuma a yawancin mujallu yakan tsaya shekaru uku zuwa biyar kafin fitowa ta yanzu. Wani rumbun mai suna EBSCOhost yana cike wani ɓangare na wannan giɓi, ko da yake wasu mujallun da ke cikinsa sai an yi watanni da buga su ake sakin cikakken rubutunsu, wasu kuma taƙaitaccen bayani kawai ake samu. Akwai kuma Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun masana, wanda sashensa na GOALI da aka buɗe a 2018 ya ƙunshi shari'a da kimiyyar zamantakewa. Ɗaliban akanta ba su cika leƙa shi ba saboda suna ɗauka na masu karatun lauya ne, alhali dokar haraji a nan take.

Matsalar tana bayyana ne da zarar tambaya ta dawo gida. A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka maye gurbin tsofaffin dokoki irin su na harajin kamfanoni da na harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane, suka kuma mayar da hukumar tara haraji ta tarayya, wato FIRS, ta zama NRS, kuma sabuwar dokar harajin ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Mujallun ƙasashen waje za su ɗauki lokaci kafin su yi nazarin wannan sauyi, in ma sun yi. Ko kafin haka, maƙalar da aka rubuta a 2018 za ta gaya wa mai karatu cewa harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kayayyaki da hidimomi, kashi 5 ne cikin ɗari, kamar yadda yake tun 1994, alhali Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga Fabrairun 2020. Haka nan wanda ke son fahimtar taƙaddamar Jihar Ribas da gwamnatin tarayya a kan wanda ke da hurumin karɓar VAT, wadda Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta yanke hukunci a kanta a 2021, hukuncin kansa yake buƙata, kuma wannan sai a rumbun shari'a irin LawPavilion, wanda ban same shi a jerin wannan sashe ba. Abin ya fi damuna ne ganin cewa kotun sauraron ƙararrakin haraji ta shiyyar Arewa maso Gabas a cikin garin Bauchi take zama, amma ba a tanadar wa ɗalibi wata hanya mai tsari ta kaiwa ga hukunce-hukuncenta daga ɗakin karatun ba.

Ba zan ɗora wa ma'aikata laifin rashin manyan rumbunan haraji irin na IBFD da ke Amsterdam ba. Da kuɗin waje ake biyan su kowace shekara, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kowane irin biya na dala ya yi wa jami'o'i nauyi. Abin lura a gefe guda shi ne cewa asusun TETFund, wanda ke tallafa wa ɗakunan karatu na manyan makarantun gwamnati, daga harajin ribar kamfanoni yake samun kuɗinsa, saboda haka bai kamata a ce nazarin haraji ne ya fi kowane fanni ƙarancin kayan aiki ba.

Ma'aikatan sashen sun cancanci yabo. Wata ma'aikaciya da ke kula da kwamfutocin takan zauna da ɗalibi ta nuna masa yadda zai taƙaita bincike da shekara da ƙasa, da yadda zai zaɓi maƙalun da masana suka tantance kawai. Na ji tana ce wa wani, “Malam, kada ka zuba dukan taken kundinka a akwatin nema, ɗauki kalmomi biyu ko uku, ka ƙara sunan Najeriya.” Ita ce kuma take jan kunnen ɗalibai game da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda, waɗanda suka yi yawa a fannin akanta, tana tura ɗaliban zuwa rumbun AJOL domin samun mujallun Afirka masu tsari.

Ga mai nazarin ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, wato IFRS, waɗanda kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suka koma kansu tun 2012, ko binciken kuɗi, ko shugabancin kamfanoni, abin da ke wannan sashe ya wadatar. Mai binciken haraji kuwa dole ne ya haɗa da shafin hukumar tara haraji, da wallafe-wallafen ƙungiyoyin ƙwararrun haraji da akanta, wato CITN da ICAN da ANAN, da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Da hukumar ɗakin karatun za ta biya kuɗin rumbun shari'a guda ɗaya na cikin gida, ta kuma tattara sababbin dokokin da takardun bayanin hukumar haraji a shafi ɗaya da ake iya buɗewa daga wajen makaranta, da ta rufe mafi yawan giɓin da kuɗin naira.