Wili ko giya: wanne ya fi rage wa keken tsere nauyi?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya. Yana da keken tsere mai bodin alminiyam, da giyar Shimano Tiagra da birkin da ke kama bakin wili. Ya ɗora shi a sikeli ya ga kilo 9.8, yana so ya sauko da shi kusa da kilo 8, kuma kuɗin hannunsa na abu ɗaya ne: ko sabbin wili, ko ya sauya kayan giya gaba ɗaya zuwa Shimano 105, wadda ke mataki ɗaya sama da Tiagra.

Ɗan'uwa, in dai tsakanin biyun nan ne, wili za ka saya. Amma akwai abu na uku da ba ka ambata ba, wanda ya fi su arha nesa ba kusa ba, kuma da shi ya kamata ka fara. Zan zo kansa.

Mu fara da giya, tunda ita ce ke ɗaukar ido. In an ce kayan giya, ana nufin hannuwan birki da ke canja giya, da ƙarfen feda da farantansa, da cen, da haƙoran baya, da na'urori biyu masu tura cen, da birkin kansa. Shimano ta jera su mataki-mataki: Claris, Sora, Tiagra, 105, Ultegra, sai Dura-Ace a sama. Saitin 105 mai haƙori 11, wato mai faranti 11 a jerin haƙoran baya, yana kai wajen kilo biyu da rabi, Ultegra na zamaninsa wajen kilo 2.3, Dura-Ace kuwa kusan kilo 2. Wato duk matakin da ka hau, giram 200 zuwa 300 kake ragewa, kuɗin kuma yana tashi da ƙarfi a kowane mataki. Daga Tiagra zuwa 105 ma haka lissafin yake. Za ka kwance keken kusan gaba ɗaya, ka biya kuɗin kaya, ka biya mai ɗaurawa, a ƙarshe sikeli ya nuna maka 9.5 maimakon 9.8. Ta fuskar nauyi, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ga wata matsala da masu sayarwa ba sa saurin faɗa. Tiagra haƙori 10 gare ta a baya, 105 kuma 11 ko 12. Ba ka iya sayen hannuwan 105 yau, ka bar haƙoran baya sai wata mai zuwa. Dole su tafi tare. Sannan haƙoran 11 na keken tsere suna buƙatar mazauni mai ɗan tsawo a cibiyar wilin baya, bambancin milimita 1.85 ne kacal, amma tsofaffin wili da yawa ba su da shi. Sai ka sayi giya, ka tarar wilin ma sai an sauya. Akwai mafita guda, haƙoran Shimano masu lamba 11-34, wato ƙaramin farantinsu haƙori 11, babban kuma 34, suna hawa tsohon mazauni, amma su ɗin sun fi ƙananan nauyi, ka ga an koma gidan jiya.

Wili kuwa nan ne kamfanonin keke suke rage tsada. Mai saye yana duba sunan da ke jikin giya, ba ya tambayar nauyin wili, su ma sun san da haka. Wilin da ke zuwa da keke irin naka yawanci kilo 1.9 ne zuwa 2.1 su biyun, ban da taya. Mavic Aksium, wanda ake yawan gani a kekunan hannu da ake shigowa da su daga Turai, ya haura kilo 1.8. Wilin alminiyam mai kyau irin Fulcrum Racing Zero yana wajen kilo 1.5, na kabon (zare ne mara nauyi da ake daskararwa, ba ƙarfe ba) masu sauƙi kuma suna sauka 1.3 zuwa 1.4. Ke nan rabin kilo za ka cire lokaci guda, ninki biyu na abin da giya za ta ba ka, kuma aikin ɗaurawar bai wuce minti ashirin ba. Sabon wilin zai karɓi haƙoranka na 10 da 'yar zobe da ake sakawa a baya, in ka sauya giya wata rana ya karɓi na 11. Ko keken ka sayar, kana iya mayar masa da tsofaffin wilinsa ka riƙe sababbin.

Tsakanin wilin alminiyam da na kabon, ga keke mai birkin bakin wili, ni alminiyam nake ba mutum shawara. Kabon ba ya kama birki sosai in an yi ruwa, yana buƙatar robar birki tasa ta daban, kuma a gangara mai tsawo zafin birki yana taruwa a bakinsa. In ka faɗa rami da wilin alminiyam ya lanƙwashe, mai gyaran keke na unguwa zai iya daidaita maka shi ka isa gida. Kabon in ya tsage ya tsage. Ka kuma duba yawan tsinkayen wilin da iyakar nauyin mahayi da kamfanin ya rubuta. Wili mai tsinke 16 ko 18 a gaba yana da kyan gani, amma mutum mai jiki a kan titi mai ramuka ya fi samun kwanciyar hankali da 24 ko 28. Wasu kamfanonin kuma tsinkensu nasu ne su kaɗai, in ɗaya ya karye sai ka yi oda ka zauna jira.

To, abu na ukun shi ne taya da tyub. Tayar da ke zuwa da keke mai matsakaicin kuɗi galibi mai waya ce a baki, nauyinta giram 350 zuwa 400. Taya mai naɗuwa irin Continental GP5000 mai faɗin milimita 25 tana wajen giram 220. Su biyun sun rage maka giram 260 zuwa 360. Baƙin tyub na roba da muka saba da shi ya kai giram 100 ko fiye, sabon nau'in leda da ake kira TPU, irin su Tubolito da Schwalbe Aerothan, giram 30 zuwa 40 ne. Ga wasu giram 130 nan. Haɗa su, ka doshi giram 400, fiye da abin da saitin 105 zai rage maka, da kuɗin da bai kama ƙafar nasa ba. Kuma taya mai kyau tana ba ka abin da ya fi sauƙin nauyi amfani: ba ta cin ƙarfinka wajen murɗawa a kan kwalta kamar taya mai kauri mai tauri. Wannan kana samunsa ko a hawa kake ko a shimfiɗe.

Sai dai roba mai sauƙi tana da nata sharaɗin. Tayar tsere siririya ce, kuma duk wanda ya taɓa ratsa gefen titi inda tsidau ya yi yawa ya san abin da ƙayarsa ke yi wa taya. In hanyarka irin wannan ce, ka karɓi ƙarin giram 50 a kowace taya ka sayi mai kariya daga ƙaya. Tyub ɗin TPU kuma mai faci na bakin titi ba zai iya liƙe shi da gam ɗinsa ko wutarsa ba, yana da nasa facin, sai ka yi ta yawo da shi ko da tyub na ko-ta-kwana. Wasu masu sirantar gaske ma an rubuta a kwalinsu cewa na keke mai birkin faifai ne kawai, saboda zafin birkin bakin wili. Ka karanta kafin ka biya.

Sauran ƙananan kaya ba sai na daɗe a kansu ba. Sirdi, da sandar sirdi, da kan keke, kowannensu zai iya ba ka wajen giram 100 in ka koma kabon. Sirdi dai kada ka zaɓe shi da sikeli, wanda ya dace da zamanka shi ne naka ko ya fi nauyi. Kan keke na kabon mai arha wanda ba a san asalinsa ba kuwa, kada ka kusance shi. Abin da ke riƙe da hannunka ne a gangara, kuma kabon ba ya lanƙwashewa ya ba ka gargaɗi, karyewa yake yi. Ko na gaske ne, kusoshinsa suna da ma'aunin ɗauri, yawanci an rubuta 5 Nm a jiki, ba a ɗaure su da ƙarfin tuwo.

Yanzu mu yi lissafin kekenka. Daga 9.8, taya da tyub su sauko da kai 9.4, wili ya kai ka 8.9. In ka ƙara sirdi da sandarsa, 8.7. In daga baya ka sa 105 ɗin, wajen 8.4. Kilo 8 ɗin da kake nema ba zai samu cikin sauƙi a wannan bodin ba, kuma kuɗin da za ka kashe kana bin ragowar giram ɗin zai iya sayo maka keke na hannu mai bodin kabon wanda ya zo da sauƙinsa tun asali. Su kansu ƙwararru suna da iyaka: tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shiga gasarta da keken da bai kai kilo 6.8 ba.

Abin da ban ga ka tambaya ba, kuma ya kamata ka sani kafin kuɗin su fita, shi ne nawa kilo ɗaya yake ƙara maka a gudu. Abin da ƙafarka ke turawa a hawa shi ne kai da keken da ruwanka da kayanka gaba ɗaya. In kana kilo 75, jimillar ta kusa 87, kilo ɗaya kuwa ɗan sama da kashi 1 cikin 100 ne na wannan. Ɗauki Alpe d'Huez, shahararren hawan dutsen nan na gasar keke ta Tour de France mai tsawon kilomita 13.8 da kwana 21. Wanda ke hawansa cikin awa ɗaya, in ka cire masa kilo guda, daƙiƙa 40 ko ƙasa da haka zai samu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa kusan babu komai, domin da zarar ka haura kilomita 30 a awa, yawancin ƙarfinka iska yake turewa. Gorar ruwa mai milimita 750 a cike ta fi duk abin da wilin zai rage maka nauyi, kuma ban taɓa ganin wanda ya lura gudunsa ya ƙaru don ya shanye ruwansa ba.

Za ka ji ana cewa giram ɗaya a wili daidai yake da biyu a bodi. Gaskiya ne ga nauyin da ke bakin wili, amma lokacin da kake ƙara gudu kawai, kamar tashi daga tsaye ko fita daga kwana. Da ka daidaita a gudu ɗaya, giram giram ne ko ina yake. Shi ya sa wili mai sauƙi yake da daɗi a ƙafa fiye da yadda agogo ke nunawa.

Saboda haka inda kake hawa shi zai yanke hukunci. In a Jos kake, ko kana da burin hawan Mambila, sayi taya da tyub yanzu, ragowar kuɗin ka sa a wilin alminiyam na kilo ɗaya da rabi. In kuwa hawanka a shimfiɗar Kano ne ko Maraɗi, taya mai kyau ta ishe ka, in za ka sayi wili ka nemi wanda bakinsa ke da ɗan zurfi don yanka iska ko da ya ɗan fi nauyi. Tiagra ɗinka kuma ka bar ta sai cen da haƙora sun cinye. Kafin ka yi odar komai, cire wilinka da tayarka ka auna su a sikelin kicin, domin in wanda ya sayar maka da keken ya riga ya sa masa wili na kilo 1.6, lissafin nan duka ya canja.