Kamfanin sojan haya da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya: yadda kowanne ya yi a Saliyo

Ɗan'uwa, ka ce me zai hana a damƙa wa kamfanonin sojan haya aikin kiyaye zaman lafiya, tunda sun fi dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya sauri da arha. Saliyo ta gwada duka biyun a lokacin yaƙin basasarta.

A 1995, da 'yan tawayen RUF suka matso kusa da Freetown, babban birnin ƙasar, gwamnatin Valentine Strasser ta ɗauko kamfanin Executive Outcomes na Afirka ta Kudu. Mutanensa 'yan ɗaruruwa ne, amma suna da jiragen yaƙi masu saukar ungulu, kuma bakin kwamanda ɗaya suke ji. Cikin watanni kaɗan suka fatattaki RUF daga kewayen birnin, suka ƙwato yankin lu'ulu'u na Kono, har aka samu damar yin zaɓen 1996 da Ahmad Tejan Kabbah ya ci. A fagen daga kam, gaskiyarka ce.

Matsalar ita ce kamfani ɓangare ne a yaƙin, wanda ya biya shi yake yi wa aiki. Shi ya sa RUF ta dage sai ya fita, aka sa hakan cikin yarjejeniyar zaman lafiya ta Abijan ta Nuwamba 1996. Ya tattara ya-nasa-ya-nasa a Janairu 1997 bai kwance ɗamarar kowa ba. A watan Mayu sojoji suka hamɓarar da Kabbah, sai a 1998 dakarun ECOMOG na ƙasashen Afirka ta Yamma ƙarƙashin jagorancin Najeriya suka mayar da shi.

Rundunar Majalisar, UNAMSIL, da aka kafa a 1999, ta fara da ƙafar hagu. A Mayu 2000 RUF ta kame mata sojoji kusan 500: bataliyoyi daga ƙasashe dabam-dabam, kayan aiki ba su isa ba, ga jan ƙafa wajen umarni. Sai da sojojin Birtaniya suka shigo. Bayan an ƙara yawan sojojin UNAMSIL zuwa 17,500 aka karɓi makamai daga mayaƙa sama da 70,000, aka ayyana ƙarshen yaƙin a Janairu 2002. A ganina nan bambancin yake: ɗan tawaye ba zai miƙa bindigarsa ga wanda aka biya don ya kashe shi ba.

Sai batun hukunci. Sojan Majalisa in ya yi laifi ƙasarsa ce ke da alhakin gurfanar da shi, ko da yake ana yawan sakaci. Kamfani kuwa, takardar Montreux ta 2008, wadda ta tsara ƙa'idojin aikin irin waɗannan kamfanoni, jagora ce kawai, ba ta tilasta wa kowa. Majalisar tana ɗaukar kamfanoni, amma don gadi, jigilar kaya da kwance nakiyoyi.