Rauta mai sim da eriyar waje: abin da na gani bayan wata huɗu ina sauraron hadda da ita

Salam jama'a. Yau wata huɗu kenan da na sayo wannan rautar 4G a Farm Centre, irin mai cin sim ɗin nan da ke da ƙafa biyu a baya inda ake ɗaura eriyar waje, kuma tunda abokai sun dame ni da tambayar wai ta yi ko ba ta yi ba na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta.

Ni dai sana'ata da daddare sauraron hadda ce ta waya. Akwai yaran wani ɗan uwana su uku a Birmingham, sai wani dattijo a Jidda da muke bitar tajwidi, duk ta kiran WhatsApp, ranar Asabar kuma mukan haɗu da abokan makaranta a manhajar Discord a sha hira. Wanda ya taɓa sauraron hadda ya san ba irin hirar yau da kullum ba ce da in kalma ta ɓace za ka cike da kanka, a nan harafi ɗaya magana ne. Akwai daren da na sa ƙaramar cikin yaran ta maimaita ƙarshen Fatiha har sau huɗu don ina jin maddar nan mai haraka shida tana gutsirewa a tsakiya, har yarinya ta fara shessheka, sai babanta ya karɓi wayar ya ce Malam wallahi daga nan daidai take ja, muryar ce ke yankewa daga wajenka. Kunya ta kama ni ba kaɗan ba. Ga shi wani lokaci muryar ta koma kamar ta mutum-mutumi, wani lokaci in yi gyara sai yaro ya wuce aya biyu kafin ya ji ni.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne in na gwada Speedtest sai in ga mega goma sha wani abu, YouTube na tafiya sumul, to me ya hana murya? Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ne ya zo hutu ya warware min. Ya ce Kawu ai kira ba ya cin komai, Discord ma 64 kbps yake ba tashar murya in ba a taɓa saitin ba, ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da kake gani bai kai ba. Yadda abin yake, ana yanka muryarka ƙanana-ƙanana ne, kowane yanki kamar milisakan 20, ana jefa su a jere, wanda ya ɓata a hanya ya ɓata kenan ba a sake turo shi don ko ya iso ya riga ya makara. Bidiyo kuwa yana tara na gaba ya ajiye shi ya sa ba ka gane lokacin da netwok ya yi tuntuɓe. Ya ce ƙa'idar ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ma ta nuna an fi son kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150, in ya yi nisa da haka sai ku fara taka maganar juna.

Sai ya buɗe laftof ya buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni guda biyu. A ɗaya ya rubuta ping 8.8.8.8 -t, wato gwajin da ke nuna milisakan nawa saƙo ke ɗauka ya je intanet ya dawo, a ɗayan ya yi ping ɗin ita mifi ɗin da nake amfani da ita a lokacin, ya ce mu zauna mu zuba ido. Dabarar mai sauƙi ce ashe: in lambar da ke zuwa daga mifi ɗin kanta tana tsalle to ciwon a cikin gida yake, in ita tana zaune lafiya amma ta waje ce ke hauka to tsakaninka da turken sabis ne ko gaba da shi. Mu dai duka biyun muka gani. Ta cikin gida da ya kamata ta tsaya a 2 ko 3 sai ta haura 80 ta dawo, don a layinmu kowane gida da wayfay ɗinsa kuma kusan duk a 2.4GHz suke cunkushe. Ta waje kuwa tana 60, 70, kawai sai ka ga 900, sai Request timed out, wato amsa ba ta dawo ba, a jere. Muna cikin kallo ta haura sama da dubu ta zauna can, muka leƙa falo ashe maman yara ce ke ɗora bidiyon biki a status. Nan na gane duk lokacin da wani ke tura abu mai nauyi sama, muryata layi take bi a bayansa. Ita dai har yau ba ta yarda laifinta ba ne, ta ce ai datar tare muke saye.

To shi ne ya ce in nemo rauta mai ramin kebul da wajen eriya. Abin da ya fi burge ni da ita, kuma shi ne dalilin da zan ce kuɗina bai tafi a banza ba, shafinta na saiti yana nuna maka lambobin sigina na gaskiya ba sandunan nan huɗu masu yaudara ba. Akwai RSRP, ƙarfin siginar kenan, wajen -80 yana da kyau, in ya gangara -110 ka shiga uku, sai SINR da ke nuna tsaftarta, shi kuma ana son ya yi sama. A ɗakina ƙarƙashin rufin kwano RSRP ɗin -108 yake, SINR kuwa 2 ko 3. Muka ɗaura eriyar a kan bututun ƙarfe saman katanga, yaron yana sama yana juya ta a hankali ni ina ƙasa ina karanto masa lamba kamar masu saita dish, har muka dace da inda ta ba da -89 da SINR 14 muka ɗaure ta tamau da waya. Daga nan na ja kebul daga rautar zuwa laftof na daina kira ta wayfay gaba ɗaya in dai karatu ne, ping ɗin cikin gida ya zauna a 1 ko motsi ba ya yi. Wannan kebul ɗin da bai kai kuɗin katin mako ba shi ya fi komai aiki, na rantse.

Tana kuma barin ka ƙayyade wa kowace waya iya abin da za ta ja, na rage wa wayoyin gida ƙarfin turawa sama, yanzu ko ana ɗora bidiyo ba na ji a kunnena. Akwai wajen kulle band ma, wato zangon mitar da rautar ke kama sabis a kai, na gwada na ga a unguwarmu band 3 ya fi nutsuwa da daddare duk da wani ya fi shi gudu da rana, amma wannan kowa sai ya gwada nasa don turke ya bambanta.

Inda ta ba ni haushi kuwa, ba ta da batir ko kaɗan. Ana ɗauke wuta ta mutu, kafin a tada janareto ta gama farfaɗowa minti biyu zuwa uku sun tafi, kira ya yanke. Dole na ƙara kuɗi na sayi ƙaramin UPS mai 12V, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kuma mai shagon bai gaya min zan buƙace shi ba. Wayar eriyar da ta zo a kwali gajeriya ce, kuma in ka ƙara tsawo da yawa siginar na raguwa a hanya, sai da na matso da rautar kusa da taga. Wayfay ɗinta na 5GHz yana da kyau a ɗaki ɗaya amma bangon bulo biyu ya ishe shi, a kicin babu shi. Shafin saitin ma in ba ka da mai nuna maka sai ka ɓata, wajen ƙayyade gudun nan sai da muka yi kusan rabin awa muna nema. Da zafin watan Afrilu kuma tana ɗaukar zafi sosai, na ɗora ta kan murfin kwalba huɗu don iska ta riƙa shiga ta ƙasa.

Sannan kada wani ya ɗauka tana maganin komai. Tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma na dare lokacin da duk unguwa ta hau TikTok, turken da kansa ne ke cika, lambobin siginata na nan lafiya lau amma ping na waje sai ya riƙa rawa, wannan babu rautar da za ta gyara shi. Balle irin abin da ya faru a watan Maris na 2024 da kebul ɗin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, ranar ko eriyar zinare gare ka sai haƙuri. Ni abin da na yi, na sa sim na wani kamfani daban a waya a matsayin ko-ta-kwana, kuma na roƙi dattijon Jidda muka mai da karatunmu bayan asuba, lokacin layi fayau kamar yana zaune gabana.

In maki ne zan ba ta bakwai cikin goma, da ta zo da batir da takwas ne. Wanda matsalarsa rufin kwano ce da cunkoson wayfay zai ji daɗinta, amma kafin ka kai kuɗinka kasuwa ka ari laftof ka yi gwajin allo biyun nan tukuna, ka yi shi a daidai lokacin da muryar ke yanke maka ba da rana tsaka ba. Yaran Birmingham dai ba yadda zan yi in canja musu lokaci saboda makaranta, har yanzu a sati akan samu dare ɗaya da sai mun kashe mun sake kira, ita ƙaramar kuwa ta kai Suratul Fajr.