Sharhi Kan Aikin Juye Kaset ɗin Makaɗan Fada Zuwa Filash a Gusau

Daga cikin shagunan turin waƙoƙi da ke kewayen tsohuwar kasuwar Gusau akwai wani da ya fita daban, domin ban da tura fina-finai da wa'azi a memori, mai shagon yana karɓar tsofaffin kaset ya juye su a kwamfuta, sannan ya zuba su a filash yadda za a saurare su a na'urar sauti ta gida. Na kai masa kaset ɗin makaɗan fada da na daɗe ina ajiya, mafi yawansu na Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo Maradun, da kaɗan na Salihu Jankiɗi da Ibrahim Narambaɗa.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne rashin gaggawarsa. Kafin ya sa kowane kaset sai ya goge kan na'urar da auduga da sifirit, ya duba ko zaren ya cukurkuɗe, sannan ya bar shi ya yi tafiyarsa ta asali, wato santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, ta yadda kaset mai minti 60 zai ci minti 60 cur. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da zarar bel ɗin na'ura ya saki ko an ƙara wa zaren gudu, muryar makaɗi takan yi rawa ko ta sirance har ta daina kama da tasa. Yana fara adana sautin a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, daga baya ya mayar da shi MP3 mai nauyin kilobit 320 a kowace daƙiƙa, kuma wanda kunnensa ya saba da kwafin da ke yawo a WhatsApp zai ji bambancin tun a ɗan waƙa na farko.

Inda ya fi cancantar yabo shi ne ƙin goge shuuu ɗin kaset gaba ɗaya. Manhajar tace sauti tana iya kawar da shi, amma idan aka matsa mata sai ta haɗa da amon kiɗan, alhali kotso, abin kiɗan Sa'idu Faru, ganga ce mai fata ɗaya da ake kaɗawa da yatsu, kuma daɗinta yana cikin ɗan kaifin da ke fita lokacin da yatsa ya sauka kusa da nake, wato danƙon da aka liƙa a fatar. A waƙoƙin da Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, wannan kaifin ya fito sarai, kuma ana jin inda jagora ya ajiye magana 'yan amshi suka ɗauka. Na Ɗanƙwairo sun fi cin gajiyar aikin, saboda salonsa ya dogara ne ga yaransa da ke karɓa suna yin ƙari, ɓangare yana miƙa wa ɓangare, abin da kwafi maras kyau yake cakuɗewa ya zama hayaniya ɗaya. Na Narambaɗa kuwa ba a yi masu wani abin a zo a gani ba, kuma ban ga laifin mai shagon ba: Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya rasu tun kafin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya yaɗu a ƙasar Hausa, don haka duk abin da ke hannun mutane kwafin kwafi ne.

Sauraron a gida yana da nasa sharaɗi. Yawancin na'urorin sauti na gida, wato hom tiyata, da ake sayarwa yanzu an gina su ne don kiɗan zamani, da babbar wufa, wato sifikar sauti mai kauri, mai girgiza tagogi, su kuwa waɗannan waƙoƙi an ɗauke su ne a layin sauti guda, wasu a gidan rediyo irin na Kaduna, wasu a ƙofar fada, kuma ƙarfinsu yana tsakiyar sauti inda muryar mutum take. Da na bar wufar yadda take, sai kiɗan taushin Jankiɗi ya koma kamar ana daka a makwabta, kalmominsa suka nutse. Da na rage ta ƙwarai, na janye ƙananan sifikun daga lungun bango na ɗaga su daidai kunnen mai zaune, sai murya ta dawo gaba, kiɗa ya koma bayanta inda ya kamata ya tsaya. Haka kuma soka filash kai tsaye ya fi tura waƙar daga waya ta Bluetooth, wanda ke sake matse sautin da aka riga aka matse.

Aikin bai rasa naƙasu ba. Sunayen da aka sa wa fayilolin lambobi ne kawai, kuma an jefa wata waƙar Jankiɗi cikin jakar Sa'idu Faru, kuskuren da bai kamata ya faru a Zamfara ba, tun da Jankiɗi mutumin Rawayya ne mai kiɗan taushi, Sa'idu kuma mutumin Faru ne mai kotso. Waƙar da ta yanke a ƙarshen fuskar farko ta kaset ba a haɗa ta da ragowarta ba, ƙarfin sautin ma bai daidaita tsakanin kaset da kaset ba, sai mutum ya riƙa tashi yana murɗa maɓalli. Akwai kuma jinkiri, domin ba ya yin juyi da janareta saboda gunjin da yake shigarwa cikin sauti, uzurin da na karɓa.

Kuɗin aikin bai fi ƙarfin mai son abin ba. Wanda zai kai nasa ya rubuta sunan makaɗi da na ubangidan da aka yi wa waƙar a jikin kowane kaset, ya nemi a ba shi fayilolin WAV tare da na MP3, kuma ya karɓo kaset ɗinsa ya ajiye su nesa da rana da maganaɗisun sifika.