Jama'ar Kano a kula da kuɗin gado da ake turawa akawun ɗin lauya

Salam 'yan uwa. Dan Allah duk wanda za a sayar masa da gida ko fili ta hannun lauya, ko za a karɓo masa diyya ko kuɗin gado, ya duba sunan da ke kan akawun ɗin kafin a tura ko sisi. Wata maƙwabciyarmu a Gwammaja maigidanta ya rasu ya bar ta da marayu, aka sayar da gidan gadon, mai saye ya yi tiransifa kai tsaye akawun ɗin lauyan na ƙashin kansa, tun daga ranar sai je ki dawo, yau banki ne suka riƙe kuɗin, gobe ana jiran sa hannun alƙali, jibi yana Abuja, har ta kai baiwar Allah tana yini a benci ƙofar ofishinsa da goyo a baya sakatariya na ce mata Barista ya shiga kotu. Ashe mutumin tuni ya zuba kuɗin a harkar filaye.

Wannan cin amana ne, kuma dokar aikinsu ma ta hana. Tun 1964 akwai ƙa'idar da ta ce dole lauya ya ajiye kuɗin mutanen da yake wa aiki a akawun na daban, kar ya cakuɗa da nasa. In ya ce miki Hajiya ai duk ɗaya ne, wallahi ba ɗaya ba ne.

Ban ce duk lauyoyi ba fa, akwai masu tsoron Allah sosai. Abin da ke ban haushi mutanenmu da sun ga baƙar kwat sai jikinsu ya yi sanyi a ce a bar wa Allah, alhali akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, a Abuja, yana iya dakatar da mutum, ya sa shi ya biya kuɗin, ko ma a soke sunansa daga rajistar Kotun Ƙoli shikenan ya bar aikin lauya. Ku rubuta ƙorafi da takardar rantsuwa, ku sanar da ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, reshen Kano, in abin ya zama damfara tsagwaronta ga ofishin EFCC nan cikin gari.

Amma fa baki da baki ba hujja ba ne. Ku riƙe rasit, ku riƙe alat ɗin banki da saƙonnin WhatsApp, takardar ciniki ma ku tabbatar da hatimin NBA mai sunan lauyan a jiki, in magada ne kowa ya karɓi kwafinsa.