The Last of Us: ban ƙara yarda da maganar mai turi ba

Wallahi har yanzu haushin yaron shagon turin nan na Tudun Wada nake ji. Na ce masa ina son series da za mu kalla da ɗan yayata Abba da ya zo mana hutu, shekararsa 14, sai ya ce yallaɓai ga The Last of Us, ai jarumar ma yarinya ce sa'ar yaronka. To ba ƙarya ya yi ba, Ellie 14 take a labarin, amma bai gaya min cewa HBO da suka fitar da shi a 2023 sun buga masa TV-MA ba, wato na manya ne zalla.

Labarin dai wata cuta ce ta funfuna mai suna Cordyceps da ta haukata mutane a 2003, bayan shekara 20 Joel ya ɗauko Ellie daga Boston zai kai ta yammacin Amurka saboda ita ko masu cutar sun cije ta ba ta kamuwa. Dodannin, wato mutanen da cutar ta kama, ba su dame mu ba, Abba ma dariya yake musu. Wuraren da sojoji suka killace mutane kuwa, mu da muka sha kullen korona a Kaduna sai muka ga kamar gida.

Episode na biyar ne ya ɓata komai. Akwai Henry da ƙanensa Sam, yaro kurma ɗan shekara 8, da hannu suke magana, ga ɗan allonsa da yake rataye a wuya yana rubutu. Abba ya ƙwallafa rai a kan yaron nan don shi ma yana da ƙane Sadiq kusan tsaransa. An ciji Sam a ƙafa, ya nuna wa Ellie cikin dare, gari na wayewa ya juye ya afka mata, Henry ya harbe ƙanensa da hannunsa sannan ya harbe kansa. Kafin in lalubo rimot an gama. Falon ya yi tsit sai ƙarar janareto. Uwargida ta kawo tuwo Abba bai taɓa ba, can sai ya ce Kawu, da Sadiq ne aka ciza ni ma sai na harbe shi? Na rasa bakin magana. Daren nan da tabarmarsa ya shigo ɗakina, yaron da ke cika bakin shi ba ya tsoron komai.

Gaskiya fim ɗin ya haɗu, ni kaɗai na ƙarasa duka tara a waya, Pedro Pascal da Bella Ramsey da suka fito a matsayin Joel da Ellie sun yi aiki ba wasa, har na fara tunanin ko ni ne na cika tsoro, ɗan SS3 zai iya kalla in babba na kusa. Sai na isa na takwas, mai wa'azin da ke ciyar da mabiyansa naman mutane kuma yana neman lalata da Ellie. A'a, na janye. Ga zagi kamar ruwan sama, na uku kuma soyayyar maza biyu ce, gara iyaye su sani tun kafin su kunna.

Yayata ta kira ta wanke ni tas, wai yaro ya koma gida ba ya yarda Sadiq ya fita ko ƙofar gida. Na koma shagon in yi masa faɗa, ina shiga ya ce yallaɓai season 2 ya sauka, in tura maka?